Dogon zango: Labari ake ba ka, ko lokacinka ake ci?



Yau hirar fim za mu yi, kuma na san kafin mu kai ƙarshe wani zai ce na taɓa masa gwaninsa. To a yi haƙuri, in ana dara fid da uwa ake yi.

Ka taɓa kasa kunne ka ji yadda musun fim yake tafiya a majalisa, ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ko a wurin kitso? Wane ya fi wane iya wanka. Wance ta fi wance kyau. Wannan yaron gidan Ali Nuhu ne, wancan na gidan Adam A. Zango ne. A yi ta ja har wani ya yi fushi ya tashi. Amma da wuya ka ji wani ya ce, wai ni kam labarin nan da muke bi tun bara, ina ya dosa?

Ni kuwa a ganina wannan ce tambayar da ta fi dacewa ka yi. Abin da ya fi damun finafinanmu masu dogon zango a yau shi ne jan labari. Hoto ya yi kyau, sauti ya gyaru, jarumai ga su nan birjik. Amma labarin da ya kamata ya ƙare a kashi na 20 sai a yi ta miƙe shi kamar danƙo har ya kai kashi na 80. Kai da kake sayen data kana raba dare, kai kake biyan kuɗin wannan jan, kuma da sa hannunka ake yin sa.

Yadda aka zo nan

In shekarunka ba su wuce 20 ba, da wuya ka riski zamanin kaset, don haka bari mu ɗan waiwaya. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin wannan kasuwa. Shi kansa sunan Kannywood sai a ƙarshen shekarun 1990 ya ɓulla a mujallar Tauraruwa. A wannan tsakanin ne finafinai irin su Sangaya da Wasila suka karaɗe gidaje, tun daga Kano har Maraɗi da Damagaram.

Lissafin wancan lokaci mai sauƙi ne. Furodusa ya yi fim, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, a buga a kaset, daga baya a faifan sidi, kai kuma ka saya ko ka karɓo haya. Ko a lokacin akan raba fim gida biyu ko uku don a ci kasuwa fiye da sau ɗaya. Amma dai dole labari ya ƙare, domin babu wanda zai yi ta sayen kaset goma na fim guda.

Sai masu satar fasaha suka shigo. Sai wayar hannu ta zo da masu tura fim a bakin titi, waɗanda za su cika maka waya da kuɗi ƙalilan, ko sisi bai koma aljihun wanda ya yi wahalar fim ɗin ba. Ga kuma finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na Algaita, sun raba kasuwar. Kafin a ankara kasuwar faifai ta durƙushe. An gwada sinima, inda finafinai irin su Mansoor na Ali Nuhu a 2017 da Mati a Zazzau a 2020 suka ja jama'a a Kano. To amma gidajen sinima nawa ne a Arewa gaba ɗaya? Ba su kai su riƙe masana'anta ba.

Ana cikin haka ƙofa biyu ta buɗe. Ta farko ita ce tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, wadda ta kawo Daɗin Kowa, daga baya aka ga Kwana Casa'in da Gidan Badamasi da Labarina a cikinta. Ta biyu YouTube ce, wadda ta ƙara samun karɓuwa a 2020 lokacin kullen korona, sa'ad da aka zaunar da mutane a gida ba aiki sai latsa waya. Izzar So ta Lawan Ahmad tana cikin waɗanda suka nuna wa 'yan fim cewa mutum zai iya buɗe tasharsa da kansa ya ci abinci. Daga nan kusan kowa ya koma dogon zango.

Ta ina kuɗin yake fitowa?

Sai ka san wannan sannan za ka gane dalilin da ya sa labari ba ya ƙarewa. A ƙa'idar YouTube kan dogayen bidiyo, mai tasha ba ya fara cin kuɗin talla sai ya tara mabiya 1,000 da kuma awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda. In ya samu shiga, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar nasa ne, sauran na kamfanin. Bidiyon da ya kai minti takwas kuma ana iya cusa masa talla a tsakiya, don haka gwargwadon tsawonsa gwargwadon wuraren da za a tsayar da kai a nuna maka haja. Sannan abin da masu talla suke biya a kan mai kallo daga Nijeriya ko Nijar bai kai na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Ke nan furodusan Hausa yana bukatar mutane da yawa su daɗe suna kallo kafin ya mayar da abin da ya kashe.

Ban da wannan akwai tallar cikin gida, wadda ka sani sarai: masu turare, masu atamfa da leshi, masu sayar da filaye, masu maganin gargajiya. Su kuma suna zuwa ne inda jama'a suka riga suka taru. Shirin da ya yi suna yana da masu jiran sa duk mako, sabo kuwa sai ya faro daga tushe, kuma babu tabbas zai karɓu. Ga gidan da ake ɗaukar fim an riga an kama, ga jarumai an saba da su, ga sutura a ajiye. A idon furodusa, ƙare labari tamkar rufe shago ne ana tsakiyar ciniki.

Ban ce mugunta ce ba. Bayan kowane shiri akwai matasa irinka da suke cin abinci: mai ɗaukar hoto, mai riƙe fitila, mai kwalliya, mai tace hoto, direba, har da mai dafa wa 'yan lokeshin abinci. Dogon zango ya ba su aikin da ba ya yankewa, abin da zamanin faifai bai ba su ba.

Amma kai ma ka yi naka lissafin. Shiri mai kashi 100, kowane kashi awa ɗaya, ya cinye maka kwana huɗu cur da awa huɗu, ba barci ba cin abinci. In shiri uku kake bi fa? Ga data ta ƙara tsada tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Ɗalibin da ke da jarrabawa a gaba, da mai koyon ɗinki, da ke 'yar'uwa da kike sana'ar cincin a gida, duk da lokacinku kuke biya. Wanda ya biya kuwa yana da haƙƙin ya duba abin da aka auna masa.

Alamomin an fara cin lokacinka

Ba su da wuyar ganewa in ka sa ido. Ta farko ita ce tuna baya. Jaruma ta zauna ta yi tagumi, sai a maimaita maka fitowar da ka gani makon jiya, daga farkonta har ƙarshe, da kiɗan tausayi a ƙasa. Ta biyu gaisuwa. Mu Hausawa ne, mun san darajar gaisuwa, amma in Alhaji ya shigo falo aka yi minti uku ana ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ba a faɗi komai da ya motsa labari ba, to cike gurbi ake yi. Ta uku mota: a nuna maka an buɗe get, mota ta shigo, ta tsaya, direba ya fito ya zagaya ya buɗe ƙofa, Hajiya ta sauko da ƙafa ɗaya sannan ɗayar.

Akwai kuma labarin da ake ba ka sau uku. Abu ya faru a gabanka. Sai wadda abin ya faru da ita ta kira ƙawarta a waya ta kwashe duka ta faɗa mata. Ita kuma ƙawar ta je gida ta faɗa wa mahaifiyarta. Kai da ka gani da idonka kana zaune ana ta ba ka labari.

Babbar alamar ita ce sirrin da magana ɗaya za ta warware. Saurayi ya ga budurwarsa da wani, ya yi fushi ya tafi, alhali yayanta ne. Duk sanda ta buɗe baki za ta yi bayani sai waya ta yi ƙara, ko wani ya yi sallama. A haka za a ci zango guda. In wannan ya ƙare sai a kawo haɗarin mota da mantuwa, ko wani ɗa da aka haifa a ɓoye ya faɗo daga sama da takardun gado a hannu.

Gwajin da nake ba ka shi ne: ka tsallake kashi biyu, ka kalli na uku. In ka gane komai ba tare da ka tambayi kowa ba, to waɗancan biyun ba labari ba ne, ciko ne.

Waɗanda tsawo ya karɓa

Kada ka ce na tsani dogon zango. Akwai labarin da dama don tsawo aka gina shi, kuma Daɗin Kowa ne babban misali. Jarumin wannan shiri gari ne sukutum. Yau kana gidan Kamaye da Adama, gobe kana tsangayar Malam Nata'ala, jibi kana teburin Ɗantani mai shayi. An taɓo almajirci, an taɓo shaye-shaye, an taɓo rayuwar waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, an nuna zaman Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya. Gari ba ya ƙarewa, don haka shirin yana da hujjar daɗewa. Kuma ka lura, yawancin fuskokin da aka fara da su ba manyan taurari ba ne a lokacin, shirin ne ya mayar da su sanannu. Ba banza ba ya ci kyautar gasar finafinai ta Africa Magic a 2016. A wurina darakta Salisu T. Balarabe yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin yadda ake sa ɗan wasa ya yi magana kamar maƙwabcinka.

Kwana Casa'in ma daga hannunsa ya fito, kuma zangunansa na farko suna cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi da Hausa a talabijin. An ƙirƙiri jihar Alfawa, aka ɗora Sani Mu'azu a matsayin Gwamna Bawa Maikada, aka kawo Ado Ahmad Gidan Dabino a matsayin Malam Adamu, mutumin kirki da siyasa ta jawo cikin kogin da ba a fita a bushe. Dubi sunan shirin kansa: wa'adi ne. Mai kallo ya san ana ƙirga kwanaki, don haka kowace fitowa tana da nauyi. Darasin da ke nan shi ne labarin da aka yanka wa wa'adi ya fi riƙe zuciya. Ni dai a ganina, da tafiya ta yi nisa aka wuce wancan wa'adi, zafin ya ɗan ragu, duk da shirin bai rasa abin faɗa ba, tunda siyasarmu ba ta ƙarewa da abin mamaki.

Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi kuwa barkwanci ne, barkwanci kuma yana da tasa dokar. Tsoho mai dukiya da maƙo yana kan keken marasa lafiya, ga tarin 'ya'ya kowa idonsa a kan gado. Ba ka zaune don ka ga yadda za ta ƙare, kana zaune ne don ka ga wautar da Ɗanƙwambo zai tafka yau. Irin wannan in dai dariyar ba ta ƙafe ba, tsawo ba ya cutar da shi.

Waɗanda tsawo ya gwada

Labarina na Aminu Saira ya zo a 2020 da hoto da sautin da suka ɗaga darajar dogon zango gaba ɗaya. Duk wanda ya san Saira tun daga Jamila da Jamilu da Ga Duhu Ga Haske ya san mutum ne mai ido. Labarin Sumayya da Mahmud da Presido da Lukman ya kama mutane ƙwarai. To amma labarin wa za ta aura yana da iyaka, ba kamar labarin gari ba. Da aka daɗe a kansa sai ga abin da yake samun duk shirin da ya ɗauki shekaru: rayuwar 'yan wasa ta ci gaba, labari bai ƙare ba. Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Fati ta yi ƙoƙari, amma mai kallo ya riga ya saba da wata fuska, dole ya sake koyon son wadda ya sani.

Abin da na yaba wa Saira shi ne matakin da ya ɗauka daga baya. Ya rufe wancan labari, ya buɗe sabo a ƙarƙashin suna ɗaya, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara, attajirin da ya ɓoye arzikinsa yana neman mai son sa don Allah. Ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: sunan shiri yana nan da masu tallarsa, mai kallo kuma ya samu sabon labari mai farko da ƙarshe. Da sauran furodusoshi za su ɗauki wannan hanya, da an rage rabin ƙorafin.

Izzar So kuwa dole a jinjina mata, domin ta buɗe wa matasa da yawa ido a kan YouTube. Allah ya jiƙan daraktanta Nura Mustapha Waye da ya rasu a 2022. Iyaye da dama sun so shirin saboda tarbiyya da faɗakarwar da ke cikinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda nake da ja shi ne Umar Hashim ya cika kammala. Mutumin da ba ya kuskure, kuma kullum amsa tana bakinsa, da wuya ka ji tsoron abin da zai same shi, tunda ka san shi zai yi nasara. Faɗakarwa ta fi shiga in ka ga mutum ya faɗi ya tashi, ba in an zaunar da kai an karanta maka ba. Shirin ya haura kashi 100, kuma ni a nawa ra'ayin da an tsaya tun da wuri da ya fi haka kwarjini.

Tauraro daban, ɗan wasa daban

Tunda musun naku a kan jarumai yake, bari in sa baki. Ma'aunina ɗaya ne: in na manta sunan mutum na gaskiya ina kiran sa da sunan fim, to ya iya. Shi ya sa nake sa Rabi'u Rikadawa a sahun gaba. Baba Ɗan Audu na cikin Labarina uba ne marar kunya, mai son banza, amma Rikadawa ya yi shi yadda za ka tsane shi kana dariya, kuma ka tuna wani da ka sani a unguwarku. Ko shiru ya yi, fuskarsa tana magana.

Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, da ta rasu a 2024, ta yi shekaru tana fitowa a muguwar uwar miji ko kishiya har wasu suka ɗauka halinta ne. Wannan shaida ce ta ƙwarewa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a ƙarshen 2014, tafiyarsa kaɗai ta isa ta sa ka dariya kafin ya buɗe baki. Kafin su kuma akwai su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, waɗanda suka riƙe gidaje a talabijin ba tare da tsadaddun motoci ko gidan bene ba.

Sadiq Sani Sadiq yana burge ni don yana iya sauya fata: yau Mati ne ɗan ƙauye mai wayon banza, gobe attajiri ne mai nutsuwa. Ali Nuhu kuwa, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a farkon 2024, na fi ganin girmansa a yawan matasan da ya ɗauko ya fito da su da kuma daɗewar da ya yi yana jan zarensa.

To amma ga inda maganar ta haɗu da ta farko. Duk iyawar ɗan wasa, in aka ba shi fitowar da babu komai a cikinta, babu abin da zai yi. Ko Rikadawa ka zaunar a falo ya yi minti biyar yana amsa gaisuwa, gundura za ka yi. Jarumin da kake faɗa da abokinka a kansa, abin da aka rubuta masa yake faɗa.

Mutumin da ba ka san sunansa ba

Yanzu faɗa min gaskiya: shirin da ka fi so, wa ya rubuta shi? Na san da yawa za su yi shiru. Mun san sunan jaruma, mun san ranar haihuwarta, mun san motar da ta saya, amma ba mu san wanda ya ƙirƙiri maganar da ta sa mu kuka ba. Akwai marubuta irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman da Yakubu M. Kumo da Ibrahim Birniwa, waɗanda alƙalaminsu ya ɗauki nauyin finafinai da shirye-shirye masu yawa, amma sau nawa ka ji ana musu a kansu a majalisa?

Abin takaicin shi ne ba marubuta muka rasa ba. Ƙasar Hausa ta yi zamanin littattafan da ake rububin su a kasuwa, daga hannun su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, kuma har yau 'yan mata da samari suna rubuta labarai suna rabawa ta waya. Matsalar ita ce a wurare da dama marubuci ne ƙarshen wanda ake tunawa a kasafi. Wani lokaci ma ana fara ɗaukar shiri ba a san ƙarshensa ba, ana rubutu ana ɗauka, ana leƙen abin da jama'a suke so ana ƙarawa. Ginin da aka fara ba zane, ai dole a yi ta ƙara masa ɗaki har ya rasa ƙofa.

Dubi 'yan Koriya da wasunku suke bi a waya. Yawancin shirye-shiryensu kashi 16 ne ko ƙasa da haka, a gama a tashi, kuma duniya tana kallo. Ko a nan gida, fim ɗin Mai Martaba na darakta Prince Daniel, wanda aka yi da Hausa, shi Nijeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a neman shiga gasar Oscar. Fim ne guda mai farko da ƙarshe. Har yanzu akwai wuri ga labarin da ya san inda zai tsaya.

Abin da ke hannunka

Wani zai ce ai akwai hukuma. Gaskiya ne, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 a kan batun kai su a tace kafin a sake su. Amma aikin hukuma duba tarbiyya da bin ƙa'ida ne. Babu hukumar da za ta dakatar da shiri don ya gundure ka. Wannan tacewar taka ce.

Kuma kana da ƙarfin da ba ka sani ba. YouTube tana nuna wa mai tasha daidai wurin da masu kallo suka tsallake da mintin da suka kashe suka tafi. Duk sanda ka zauna ka shanye cikon nan har ƙarshe, ka faɗa wa furodusa cewa ya ƙaro. Duk sanda ka bar shirin da ya daina tafiya ka koma wanda yake girmama lokacinka, shi ma saƙo ne, kuma yana isa.

Don haka ga abin da nake roƙon ka. In shiri ya daina ba ka labari, ka bar shi, ba auren dole ba ne. In ka samu mai kyau, ka kalle shi a tashar masu shi, kada ka karɓa a wurin masu turawa, domin ta nan ne kawai wahalarsu take biya. Ka tsaya ka karanta sunayen da ke fitowa a farko da ƙarshen shiri, ka riƙe sunan marubuci da darakta kamar yadda ka riƙe na jaruma. In za ka faɗi ra'ayi, ka faɗe shi a kan aiki: wace fitowa ce ba ta da amfani, wane hali ne bai yi kama da na mutane ba, ina labarin ya kauce. Zagin jaruma a kan shigarta ko rayuwar gidanta ba sharhin fim ba ne, kuma ba ya gyara komai sai ɗaukar alhaki.

Ke kuma da kike rubuta labari a waya, da kai da kake mafarkin zama darakta, ku fara sanin ƙarshen labarinku kafin ku rubuta farkonsa. In kashi 13 ya isa, a tsaya a 13. Gara a ce kai, har ya ƙare, da a ce wai har yanzu ana yi?

Wane shiri ne kake ganin ya kamata a ce ya ƙare tuntuni, wanne ne kuma ya cancanci tsawonsa? Ka kai tambayar majalisarku yau da daddare, ka ji abin da za a ce.